Ledar Jini da Masu Binciken da Ke Bayanta

 Ina gaida mutanen Wurno da Acida da Dinawa, ina gaida na Rabah da Gandi da Rara, da na Goronyo da Shinaka da Takakume, da duk wanda muryata ta iske, ko yana zaure, ko yana bakin fadama yana ban ruwan albasa. Iyayenmu mata da ke cikin gida, don Allah a ɗan matso da rediyo kusa, domin yawancin maganar yau taku ce.

Akwai maganar da ba wanda ke son ji a asibiti. Ma'aikaci ya fito ya ce mara lafiyarku na buƙatar ƙarin jini, a nemo leda biyu. Daga nan hankali ya tashi, a shiga buga waya, a nemi ƙane, a nemi maƙwabci, a nemi abokin kasuwa. Cikin wannan ruɗani ba mai tunawa cewa akwai mutanen da suka ƙarar da shekarunsu suna nazarin abin da ke cikin ledar nan, da jinin da ya dace da wane, da wanda zai kashe shi. Yau su za mu duba, musamman waɗanda suka yi aikinsu a nan Sakkwato, mu ga me suka gano, kuma me ya iso mu daga ciki.

Mutanen Wurno ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi kuma ya rasu a cikinta a 1837, ban da mulki da karantarwa ya rubuta littattafai a kan magani, har da wanda ya keɓe wa basir da magungunansa. Basir kuwa na cikin cututtukan da ke tsiyaye jinin mutum a hankali har ya ɗashe. Malami ya zauna ya dubi ciwon da ke damun jama'arsa ya rubuta, abu ne da ƙasar nan ta sani tun da daɗewa.

Ƙarin jini daga mutum zuwa mutum wani likitan mata ne a Ingila, James Blundell, ya fara gwada shi a 1818, saboda ya gaji da ganin mata na mutuwa da zubar jini bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba a san dalili ba. Sai a 1901 Karl Landsteiner, wani likita a ƙasar Ostiriya, ya gano cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne: A da B da O. Shekara ta zagayo abokan aikinsa suka ƙara na huɗu, AB. In aka ba mutum rukunin da bai dace da nasa ba, garkuwar jikinsa kan farfasa baƙon jinin, ƙoda ta tsaya, rai ya salwanta. A 1940, shi da Alexander Wiener suka bayyana wata alama kuma da ake kira Rh. Ita ce fozitif ko negetif ɗin da kuke ji ana faɗa bayan harafin. Ku riƙe ta, za mu dawo mata. Ranar haihuwar Landsteiner, 14 ga Yuni, ita duniya ta ɗauka ranar masu ba da jini.

To, mu dawo gida. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai sashen da ke koyar da kimiyyar jini da ƙarin jini, inda ake horar da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda ba kasafai majinyaci ke ganin fuskarsu ba amma su ke tantance ledar da za a sa masa. Cikin malaman da suka fi yawan rubutu a wannan fanni daga Sakkwato akwai Farfesa Osaro Erhabor, mutumin kudancin ƙasar nan, wanda ya yi aiki a Fatakwal da Ingila kafin ya zo nan. Shi da abokin aikinsa Teddy Charles Adias sun rubuta littattafan koyar da ɗalibai, sun kuma wallafa takardun bincike da masana a wasu ƙasashe ke kafa hujja da su in ana maganar ƙarancin jinin ƙari a Afirka.

A jami'a, in za a auna tasirin malami, ana ƙirga takardun da ya wallafa a mujallun ilimi, sannan a ƙirga sau nawa wasu masana suka ambace su a nasu aikin. Ma'auni ne mai amfani, da shi ake ƙarin girma, da shi jami'a ke yin suna. Amma ni da ke magana da mutanen gabashin Sakkwato, tambayoyina biyu ne. Tambayar da malamin ya bi, daga ƙasarmu ta taso? Amsar da ya samo, ta kai ga mai naƙuda a Gandi? Ta farkon, ina ganin masu binciken nan sun ci ta. Ta biyun ce ke da sauran aiki, kuma aikin ba nasu ne kaɗai ba.

Ga misali. A 2013, Farfesa Erhabor da abokan aikinsa suka fitar da wani bincike mai sauƙin fahimta. Sun buɗe rajistar masu ba da jini a Sakkwato daga farkon 2010 zuwa tsakiyar 2013, suka tarar da mutum kusan 15,000. Mata a cikinsu ba su kai 100 ba. Kuma kusan dukkan masu ba da jinin dangi ne da abokai da aka kirawo saboda wani nasu na kwance. Masu zuwa don raɗin kansu, ba tare da sun san wanda za a sa wa ba, 'yan ƙalilan ne.

Wani zai ce ai wannan abin yabo ne, zumunci ne. Haka ne, zumunci ne, Allah ya bar mu da shi. Amma ku dubi abin da yake nufi ga matar da ta haihu a wani ƙauyen Goronyo da tsakar dare, mabiyiya ta faɗi amma jini ya ƙi tsayawa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai lafiya cikin awa biyu. Cikin awa biyun nan za a nemi mota, a yi shawarar ko hanya za ta biyu a irin wannan dare, ga halin tsaro da muke ciki. A isa asibiti, sannan a fara neman mai ba da jini, a gwada rukuninsa, a gwada ko yana ɗauke da cuta, in bai dace ba a nemo wani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da zai ceci wannan baiwar Allah shi ne wanda wani ya bayar tun makon jiya, aka gwada shi a tsanake, yana cikin firji yana jira.

Akwai kuma wata illa. In dangi suka rasa mai bayarwa, sai a koma wa masu sayar da jini, waɗanda ke zuwa da sunan 'yan'uwa. Mai sayarwa ba zai faɗi gaskiyar lafiyarsa ba, don in ya faɗa ya rasa kuɗi. Kowace leda ana gwada ta a kan cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Sai dai duk ingancin gwaji, akwai 'yan kwanaki ko makonni bayan mutum ya kamu da cuta da gwajin ba ya iya ganinta. Shi ya sa gaskiyar mai bayarwa ke da muhimmanci. Kuma abin ba na wasa ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, malamanmu ma sun hana.

Me ke hana mu bayarwa? Na farko tsoro. Mutum na jin in aka ɗebi jininsa ƙarfinsa ya tafi ke nan, ba zai iya noman bana ba. Jikin babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita 5. Leda ɗaya mililita 450 ce, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Namiji mai lafiya na iya bayarwa duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu, matuƙar mutum ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50. Kafin a ɗiba ma sai an auna an ga jininka ya isa. Mu da muke zama gaban wanzami ya kafa mana ƙaho, jinin ya tafi ƙasa a binne, bai kamata allurar asibiti ta ba mu tsoro ba.

Mata fa? Mai ciki ba ta bayarwa, mai jego da mai shayarwa ma haka, kuma da yawa cikin matanmu su kansu jinin bai ishe su ba. Wannan gaskiya ne. Amma bai bayyana yadda za a ce cikin mutum kusan 15,000 mata ba su kai 100 ba. Akwai 'yan mata a makarantun gaba da sakandare, akwai malamai da ma'aikatan jinya, akwai matan da suka huta da haihuwa suna da ƙoshin lafiya. Da yawansu ba a taɓa gaya musu cewa suna iyawa ba, wasu kuma izinin maigida ne ya tsare su. Maigida, in gwaji ya nuna uwargida na da isasshen jini, ba abin da zai same ta.

Ana kuma yawan tambaya ko ƙarin jini na haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta duba wannan a zamanta na Makka a 1989, ta yanke cewa jini ba ya ɗaukar hukuncin nono, ba ya haramta aure. Saboda haka ta fuskar shari'a ba matsala. Amma ta fuskar likitanci akwai gargaɗi, kuma a nan nake son a saurara da kyau: ba a son miji ya ba matarsa jininsa kai tsaye matuƙar tana cikin shekarun haihuwa. Ya bayar, ƙwarai, a ajiye nasa a ma'ajiya, ita a sa mata na wani da ya dace. Dalili kuwa, ɗan da za ta ɗauka nan gaba rabin halittarsa daga uban ne. In jikinta ya saba da jinin mijin a matsayin baƙo ya shirya masa garkuwa, wannan garkuwar na iya afka wa jinin jaririn da ke cikinta.

Wannan ya kawo mu ga alamar Rh da na ce ku riƙe. A Najeriya kimanin mutum 5 cikin 100 ne jininsu ke negetif, a Turai sukan kai 15. Zama negetif ba ciwo ba ne, halitta ce. Matsalar na tasowa ne in uwa negetif ce, uba fozitif, jariri kuma ya gado uban. Cikin fari galibi lafiya lau ake haihuwa. Amma lokacin haihuwar, ɗan jinin jariri kan shiga jikin uwa, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya shirya masa garkuwa, kuma ba ya mantawa har abada. In ta sake ɗaukar ciki mai jinin fozitif, garkuwar nan sai ta ratsa mahaifa ta dinga farfasa jajayen ƙwayoyin jinin ɗan tayin. Wani a haife shi da shawara tun ranar farko, idanu da jiki rawaya. In shawarar ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama da tafiya. Wani a haife shi a kumbure, wani ya mutu tun a ciki. Kuma abin yakan ƙara tsananta daga ciki zuwa ciki.

Iyayena mata, kun san sunan da muke ba wannan. Mukan ce tana wabi. A kai ta wurin wannan, a kai ta wurin wancan, a ce iska ce, a ce kishiya ce, a sa wa yaro suna Ajuji ko Ayashe ko Allah zai sa ya tsaya. Wata ma aurenta ya mutu a kan abin da ba laifinta ba ne. Ban ce kowane wabi daga Rh yake ba. Akwai sikila, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai ciwon da ke shiga ta cibiya, akwai wasu dalilai da dama. Amma wannan kason na Rh ana gane shi da ɗigon jini ɗaya, kuma yana da rigakafi tun 1968, bayan aikin masu bincike a Libaful ta Ingila da Niyok ta Amurka. Allura ce da ake kira anti-D. Ana yi wa uwa mai negetif cikin awa 72 da haihuwa, wato kwana uku, ta share jinin jaririn da ya shiga jikinta kafin jikin ya farga. Ana yin ta kuma bayan ɓari, ana yin ta wajen mako na 28 na ciki. A ƙasashen da suka mai da ita dole, wannan cuta ta kusa ɓacewa.

A 2010, Erhabor da Adias suka wallafa takarda a wata mujallar lafiyar mata ta ƙasa da ƙasa, suna cewa lallai kowace mace mai negetif a Afirka ta samu wannan allura, kuma a riƙa gwada rukunin jinin duk mai ciki. Bayan ya zo Sakkwato, shi da ɗalibansa sun gwada jinin masu ciki a nan don a san yadda alamar take a tsakanin matanmu, ba na wata ƙasa ba. Shekaru sun shuɗe, allurar har yanzu tana da tsada, talaka bai iya saye cikin sauƙi, kuma mace da yawa ta haihu biyar ba ta san rukunin jininta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne allurar ba ta aiki in jiki ya riga ya shirya garkuwar. Damar da ta fi inganci ta kwana uku ce. Yarinyar da ta je goyon ciki gidan iyayenta ta yi haihuwar fari a ɗaki, ba a san ita negetif ba ce, ranar suna ana ta buɗa da murna, wannan damar ta wuce kwana huɗu da suka shige.

Ban da A da B da Rh, akwai wasu alamomi a jikin ƙwayar jini, irin su Kell da Duffy, kuma su ma masu binciken Sakkwato sun duba su. Amfanin wannan ya fi fitowa ga masu sikila da ake ƙara wa jini sau da yawa, domin kowace leda na iya sa jikinsu ya shirya wata sabuwar garkuwa, har a wayi gari samun jinin da ya dace da su ya yi wuya. Jinin mutanen Afirka ta Yamma ya sha bamban da na Turawa a wasu alamomin. Yawancinmu, alal misali, ba mu da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyinmu, su kuwa suna da ita. Kayan gwaji kuma galibi daga can ake sayo su. Ka ga dole wani ya zauna ya auna namu.



Wata takardar da Erhabor da Adias suka fitar a 2011 ta ɗauki wata hanya. Tunda jinin ƙari ba ya isa a Afirka, suka ce, sai a rage masu buƙatarsa: a magance ƙarancin jini tun kafin ranar haihuwa ko ranar tiyata, a yi amfani da magungunan tsayar da zubar jini, a inda ya yiwu ma a tace jinin mutum da ya zuba lokacin tiyata a mayar masa. A ganina wannan ne sashen aikinsu da ya fi dacewa da ƙauye, inda ba firji ba wuta.

Wannan tunani yana da tushe a ƙasar Hausa. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shi da Farfesa Alan Fleming, masanin jini a jami'ar, suka gwada wani abu a kan Hausawa 200 masu cikin fari: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da folik asid. Matsanancin ƙarancin jini ya ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka sha. Har ma an lura cewa ƙananan 'yan matan da ba su gama girma ba sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Jan maganin nan da ake ba ku a wurin awo, wanda wasu ke jefawa ƙarƙashin katifa wai yana sa jariri ya yi ƙato, irin wannan bincike ne ya tabbatar da amfaninsa, kuma a kan 'ya'yan Hausawa aka tabbatar. Ba ya sa haihuwa ta yi wuya. Macen da ta shiga naƙuda da cikakken jini na iya jure zubar da za ta kashe wadda ta shiga a ɗashe.

Aikin bai tsaya ba. A 2017 aka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mata 20,060 a ƙasashe 21, har da Najeriya, wanda ya nuna cewa allurar tiranezamik asid, mai arha, in aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2023 kuma aka fitar da binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar ita ce a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, don a daina kintace da ido. Da zarar ya kai alamar haɗari, sai a yi dukkan matakan ceto a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. A jiharmu ma, a 2013 aka fara raba ƙwayoyin misofurostol guda uku ga masu haihuwa a gida. Ana shan su ne bayan jariri ya fito, ba kafin nan ba, wannan a kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na sahun gaba a dalilan.

Masu sikila ma an nema musu sauƙi. A ƙasashe masu hali, yaron da na'ura ta nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki akan ƙara masa jini kowane wata. Ina za mu samu wannan jini, ƙasar da ake haifar yara masu sikila kimanin 150,000 a shekara? Likitoci a Kano, irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadin haka, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana kare yaran.

Sai yaranmu na damina. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya cika fadamun Rima, gadajen yara kan cika da waɗanda zazzaɓi ya farfashe wa jini, tafin hannu fari fat, numfashi sama-sama. Yaro ɗan shekara biyu ba ya buƙatar cikakkiyar ledar babban mutum, kuma in aka huda leda aka ɗiba, saura ba ya daɗewa. Shi ya sa Erhabor da Adias suka yi kira, a wata takardar ta 2011, da a riƙa rarraba leda ɗaya gida-gida: jajayen ƙwayoyi ga mai ƙarancin jini, ruwan jini ga wani, ƙwayoyin daskarar da jini ga wani, ta yadda mai bayarwa ɗaya zai amfani mutum biyu ko uku. Wannan na buƙatar na'ura da wutar da ba ta yankewa, domin jini sai a sanyin digiri 2 zuwa 6 yake zama, kuma kwana 35 ne iyakarsa a irin ledar da aka fi amfani da ita. Kafin mu kai can, abin da ke hannunmu shi ne gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata a damina. Mutanen da ke kewayen madatsar ruwan Goronyo da gonakin ban ruwa na Wurno, a ƙara da lura da tsargiya. Yaro na fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, tsutsa ce daga ruwa ke zubar masa da jini, kuma tana da magani.

Yanzu ga inda nake ganin giɓi. Yawancin binciken nan a asibitocin birnin Sakkwato aka yi shi, a kan waɗanda suka iya isa can. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna cewa a jiharmu haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai 10 cikin 100 ba. Ke nan macen Rara da ta haihu a ɗaki ba ta cikin lissafin, alhali ita abin ya fi shafa. Kuma da Turanci aka rubuta sakamakon, a mujallun da ko ma'aikacin ƙaramin asibiti ba ya gani, balle ungozoma. Ina roƙon malaman jami'armu su turo ɗalibansu manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo su yi bincikensu a can, in sun gama kuma su dawo su faɗa wa mutanen da suka ba da jininsu abin da aka gani, da Hausa, a fadar hakimi ko a makarantar Islamiyya.

Hukumomi ma da nasu. A 2021 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mutum 10 cikin kowane 1,000 na ba da jini, ƙasa za ta samu mafi ƙarancin abin da take buƙata. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Abin da ake buƙata shi ne firji mai aiki da hasken rana a babban asibiti, kayan gwaji da ba sa yankewa, allurar anti-D a ajiye ga wadda ba ta da hali, sai rajistar matasa masu lafiya da aka san rukunin jininsu da lambar wayarsu, musamman masu negetif da samun irin nasu ke wuya. Ƙungiyoyin 'yan agaji da na 'yan acaɓa da na manoman shinkafa duk suna iya shirya wannan, in liman ya yi magana a huɗuba, hakimi ya fara miƙa hannunsa.

Uwargida da amarya, in kin je awo na gaba ki tambayi ma'aikaciya rukunin jininki, fozitif ne ko negetif, a rubuta miki a kati, ki kuma tambaya ko jininki ya isa. In aka ce negetif ce, ki gaya wa maigida tun yau, a fara tanadin allurar, a kuma shirya haihuwar a asibiti. Maigida, kai ma ka je a gwada naka, gwajin ba ya ɗaukar lokaci.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.